Kada Rabon Sadaka Ya Ci Rai A Tarauni

Azumi na ƙaratowa, gangar siyasa ma an fara ɗaure ta, kuma duk wanda ya san Kano ya san abin da waɗannan biyun suke zuwa da shi: rabo. Za a fitar da zakka, za a raba gero da sukari, za a sauke shinkafar tallafi, 'yan takara za su fito da atamfa da taliya. Alheri ne, babu mai ja. Amma ina kira da babbar murya ga attajirai da 'yan siyasa da ƙungiyoyin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da kewaye: kada wanda ya tara jama'a a bakin get ɗinsa da sunan rabo. Wannan salon ya kashe mutane a garuruwan da ba su fi mu yunwa ba, ba su kuma fi mu yawa ba. Duk abin da ya haɗu ya jawo mutuwa a can, akwai shi a nan.

Ranar 24 ga Maris, 2024, ana tsakiyar azumi, mata suka yi dafifi a harabar wani kamfani da ke kan hanyar Jos a Bauchi, inda ake rabon zakka duk shekara. Naira 10,000 ake ba kowa. Mutum bakwai suka rasu, mata da 'yan mata, har da yarinya 'yar shekara takwas. Kwana biyu kafin nan ɗalibai mata biyu sun rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon shinkafar gwamnati. A watan Fabrairun 2024 kuma an rasa mutum bakwai a Yaba ta Legas, inda hukumar kwastam ke sayar da buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000.

Sai ga Disamban 2024. Ranar 18 ga wata, a wata makarantar sakandare da ke Bashorun a Ibadan, an yi shelar za a ba yara 5,000 naira 5,000 kowanne, aka kwashe gawar yara 35. Ranar 21 ga wata, mutum 22 suka mutu a Okija ta jihar Anambara, wasu 10 a wani cocin Katolika da ke Maitama a Abuja. Rai 67 ke nan cikin kwana huɗu. Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana: a Fabrairun 2020 kimanin mutum 20, yawancinsu mata da yara, sun rasu a Diffa ta Nijar wajen rabon agaji ga 'yan gudun hijira. A azumin 2023, a wata makaranta da ke birnin San'a na Yaman, fiye da mutum 70 suka halaka a kan kuɗin da bai kai dala 10 ba.

A dubi jerin nan da kyau. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai gwamnati, akwai mai zaman kansa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tashi da nufin kashe kowa. Kyakkyawar niyya tana nan a duk wuraren, kuma ba ta ceci ko mutum ɗaya ba. Shi ya sa bai kamata wani Alhaji ko wata Hajiya su ce a ransu, ai ni don Allah nake yi, ba abin da zai faru. Su ma waɗancan haka suka ce.

Me ya sa nake ambaton Tarauni musamman? Ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu goma a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, kuma tun a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 220,000. Yau sun ƙaru nesa ba kusa ba. A nan mai hali da marar hali suke zaune baya da baya. Daga gida mai katanga da wayar tsaro a Kundila zuwa lungun da baro ɗaya ke toshewa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwar Gano, tafiyar ƙafa ce. Ga titin Zariya, ga titin Maiduguri, ga tashar Unguwa Uku da ke sauke baƙi dare da rana, ga masu jinyar da kuɗinsu ya ƙare a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp cewa ana rabo a gidan wane ya isa ya kawo mutanen Darmanawa da Daurawa da Hotoro, har da na ƙananan hukumomin maƙwabta, a cikin adaidaita sahu kafin a gama kwance bakin buhun farko. Mai gida ya shirya wa mutum ɗari uku, ya leƙo ta taga ya ga dubu uku.

Kuma za su zo, domin akwai yunwa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, tun ma kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. A tsakiyar 2024 tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Mun ga abin da ya faru a titunan Kano lokacin zanga-zangar yunwa ranar 1 ga Agusta, 2024, har sai da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita. Ko da farashin wasu kaya ya ɗan sauka daga baya, aljihun da ya huje bai ɗinku ba.

Yana da kyau a san yadda mutuwar take zuwa, domin yawancinmu muna zaton tattake mutum ake yi. Akasari ba haka ba ne. Tun kafin asuba mata suke zuwa su zauna a gindin katanga, wata da goyo, wata da jikarta a hannu, wata ta ajiye takalmi ya riƙe mata layi. Rana ta ɗaga, babban get yana rufe, ƙaramar ƙofar jikinsa kaɗai za a buɗe, wadda mutum ɗaya ke shiga a karkace. Sai a ji ƙarar sakata. Na baya su miƙe su matso, don kada a ƙare ba su samu ba. Na gaba su manne da ƙarfe. Idan mutum shida ko bakwai suka cushe a wurin da bai fi sallaya ɗaya da 'yan kai ba, babu wanda ke iko da ƙafarsa kuma. Ƙirji ya matsu, in mutum ya fitar da numfashi ba ya samun sararin jan wani. Yana tsaye zai suma, yana tsaye zai iya cikawa, ba tare da ya iya ko ihu ba. Gajere da mai rauni da jaririn da ke tsakanin bayan uwarsa da cikin wata, su ne farkon tafiya. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, saboda haka kusancin asibitin Malam ba zai yi wani amfani ba in har sai an yi rabin sa'a kafin a zaro mutum.

Wanda yake can baya bai san ana mutuwa a gaba ba. Yana ganin layi ya motsa, sai ya ɗauka an fara shiga, alhali wasu ne suka faɗi aka samu gurbi. Wanda ake gani yana turawa, shi ma turo shi ake yi. Maigadi kuma ya ɗaga dorina, ko ɗan banga ya ɗaga gora, na gaba su ja da baya su haɗu da na baya da ke matsowa. A San'a shaidu sun ce harbin iska da aka yi don a natsar da mutane shi ya firgita su.

Bayan an yi jana'iza, maganganu biyu ake ji. Ta farko: kwana ne ya ƙare. Ta biyu: mutanenmu ba su da haƙuri, ba sa bin layi, kwaɗayi ya yi musu yawa. Duka biyun hanya ce ta sauke kaya daga kan mai iko a ɗora wa wanda ba shi da bakin magana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kwana ya ƙare, gaskiya ne, babu Musulmin da zai musa. Amma shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce ta wajabta diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere a kan kisan kuskure. Da ƙaddara tana goge alhaki, da ba a shar'anta wannan ba. Malaman fiƙihu sun bambanta wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, kuma ba su sallami mai sanadi ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a inda bai halatta ya haƙa ba, idan wani ya faɗa. Bai tura kowa ba, amma shi ya shirya wurin faɗawar. Yanke hukunci a kan mai rabon da aka mutu a ƙofarsa aikin alƙalai ne da malamai. Amma kasancewar maganar za ta iya kaiwa gabansu ya isa ya hana mai hankali barci. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Bayan abin da ya faru a Ibadan an kama waɗanda suka shirya taron an gurfanar da su, kuma rundunar 'yan sanda ta yi gargaɗin cewa sakaci a irin wannan taro laifi ne.

Batun rashin haƙuri kuwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wani hukunci na Sayyidina Umar da ya zo a Muwaɗɗa. Bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Umar ya fara ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya lura ubangidansu yana barinsu da yunwa. Ya juya kan ubangidan ya ci shi tarar dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Ko da yake Imamu Malik bai ɗauki ninka kuɗin a matsayin abin da ake aiki da shi ba, hanyar da Umar ya bi wajen neman mai laifi a fili take. Bai tsaya ga hannun da ya ɗauka ba, ya bi sawu har zuwa wanda yake da zaɓi. Mu kuwa mun saba da akasin haka. A Nuwamban 2024 duniya ta kalli yaran da aka kama lokacin zanga-zangar yunwa, da yawansu daga Kano, suna zubewa a gaban kotu a Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, sai da surutu ya yi yawa shugaban ƙasa ya ce a sake su.

A wurin rabo, wa yake da zaɓi? Mai bayarwa shi ya zaɓi rana, ya zaɓi wuri, ya zaɓi ƙofa ɗaya, ya zaɓi a yi shela, ya zaɓi a kira mai kyamara. Matar da ta bar tukunya babu komai a kan murhu zaɓi biyu gare ta: ta zo ta yi kokawa ko ta zauna 'ya'yanta su kwana da yunwa. Alhaki gwargwadon iko yake. Wannan bai wanke kowa da kowa ba. Ƙaton saurayin da ya tsallake katanga ya faɗa kan tsofaffi yana da kasonsa. Mai albashin da ya tura matarsa da ƙannenta uku su shiga layin zakka yana da nasa. Wanda ya yaɗa saƙon rabo bai tabbatar ba, har ya ƙara da cewa dubu hamsin-hamsin ake bayarwa, yana da nasa. Amma kaso mafi tsoka yana kan wanda ya kira taron da hukumar da ta gani ta kau da kai.

Sannan akwai abin da ya sa mutane ba sa yarda da layi, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Talaka ya sha rubuta sunansa a takardar tallafi, ranar rabo a ce masa sunanka ba ya ciki. Ya sha ganin kati ya ƙare a hannun 'yan jam'iyya da 'yan uwan mai rubutawa. A ƙarshen 2023 an kama wani hadimin gwamnatin Kano bisa zargin sauya wa kayan tallafi buhu a wani sito da ke Sharaɗa, aka kuma sallame shi daga aiki. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Wanda ya ji waɗannan labarai, ya kuma taɓa komawa gida hannu rabbana bayan yini guda a rana, ya koyi darasi ɗaya: wanda ya yi haƙuri shi ke rasawa. Turmutsutsu ɗan rashin adalci ne. Duk wanda ya taɓa karkatar da buhu ɗaya, da hannunsa a cikin turereniyar da za a yi gobe, ko da yana gida a kwance.

Ko da ba a mutu ba ma, rabon bakin get ba ya kai wa ga wanda ya fi cancanta. Mai ƙarfin kafaɗa ne ke samu. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, da mai takaba, da mai jego, da magidancin da zai gwammace ya mutu da a gan shi a layi, duk suna gida. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi maganar mabukatan da kamun kansu ke sa wanda bai sani ba ya zaci mawadata ne, ya fifita ɓoye sadaka, ya kuma yi kashedi a kan ɓata ta da gori da cutarwa. Malamanmu na Malikiyya sun so a fifita wanda ya fi matsuwa, sun so mai dukiya ya wakilta wani amintacce ya raba masa don gudun riya, sun ce a raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan, sun kuma halatta a ba mutum abin da zai ishe shi shekara. A yi lissafi: naira miliyan 10 in aka raba ta dubu goma-goma, mutum dubu za su ci kwana biyu ko uku su dawo inda suke. In aka ba gida hamsin dubu ɗari biyu-biyu, wasu za su ja jari, baɗi ba za a gan su a jerin ba. Amma gida hamsin ba sa cika hoto, shi ne matsalar.

To, yaya za a yi? A kai wa mutane, kada a kira su. Labarin da malamai ke yawan kawowa a wa'azi, na matar da ke dafa ruwa don ta lallashi 'ya'yanta, Umar ne ya saɓa buhu a bayansa ya kai mata har inda take. Kowane lungu a Gyaɗi-Gyaɗi akwai wanda ya san gidan da ba a hura wuta ba. Na san za a ce ai jerin sunayen ma ana cuwa-cuwa a cikinsa. Haka ne, in hannu ɗaya ya rubuta. Kada a bar wa mai unguwa shi kaɗai, kada a bar wa kansila ko shugaban jam'iyya na mazaɓa. A haɗa mai unguwa da liman da malamar Islamiyyar matan aure da wani dattijo da ba ya siyasa, kowa ya sa hannu, mai bayarwa kuma ya tura nasa mutum ya leƙa wasu gidajen ba tare da sanarwa ba. Mai asusu a tura masa ta waya. Marar asusu a ba shi kati mai lamba, ya je wani shago a kasuwar Tarauni ya karɓa duk ranar da ya ga dama cikin mako guda. Wanda ba shi da lokacin wannan duka, akwai Hukumar Zakka da Hubusi da jihar Kano ta kafa tun 2003, ya miƙa mata ya kuma nemi ta nuna masa inda kuɗinsa suka shiga.

In har taron ya zama dole, to a raba kati tun kafin ranar, a rubuta wa kowane rukuni lokacinsa, a kuma faɗa a fili cewa marar kati ba zai samu ba, mai kati kuma ko da yamma ya zo nasa yana nan. Wannan tabbacin shi ke kashe gaggawa. A yi a fili mai faɗi, hanyar shiga daban, ta fita daban. Kada a kulle get mutane su taru sannan a buɗe farat ɗaya. Kada a yi shela a rediyo, kada a ambaci adadi. Kada a watsa kuɗi daga cikin mota. Babu dorina, babu barkonon tsohuwa, babu harbi. A sanar da DPO da Hisba tun da wuri, a ajiye mota da ma'aikacin lafiya a gefe. A sa mutum a wuri mai tudu yana kallon taron, a ba shi ikon dakatar da rabo nan take ba sai ya nemi izinin Alhaji ba.

Ku kuma iyayenmu mata, don girman Allah kada ku je da goyo, kada ku aiki yara. In kun isa kuka tarar get a rufe jama'a sun yi cincirindo, ku juya. In abin ya rutsa da ku, ku dunƙule hannuwa a gaban ƙirji don ku samu sararin numfashi, ku tsaya da ƙafafunku, kada ku sunkuya ɗaukar takalmi ko mayafi ko waya. Kada ku yi gaba da gaba da turin, ku riƙa zamewa gefe a hankali, ku nisanci katanga da ƙarfen get. Wanda ya faɗi a ɗaga shi nan da nan.

Aikin na wannan makon ne, ba na daren ashirin da bakwai ba. Hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni. Shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa goma su fitar da ƙa'ida cewa ba a rabon taro sai da sanarwa da tsari. Limaman Juma'a su ɗauki huɗuba guda a kan haka, su faɗa wa masu kuɗin sahun gaba a gaban idonsu. Duk wanda ya san maƙwabcinsa yana shirin rabon bakin get, ya je ya same shi yau, ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma a sake tsari. In ya ƙi ji, a kai maganar gaban mai unguwa, in ta gagara a kai ta gaba. Wanda ya gani ya yi shiru don kada a ce yana baƙin ciki, shi ma za a tambaye shi.